Kuɗin Bincike: A Gindaya wa Gwamnati Ma Nata Sharuɗɗan

A cikin shekarar 2025 ne Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar cewa ta amince a kashe Naira miliyan dubu 4 da miliyan 200 wajen gudanar da ayyukan bincike guda 158 a manyan makarantun ƙasar nan. Gidajen rediyo suka faɗa, jaridu suka buga, malaman da sunayensu suka fito aka yi ta yi musu barka. Ni ma na taya su murna, domin duk wanda ya san irin wuyar da ake sha kafin suna ya shiga wannan jeri ba zai yi musu hassada ba. Amma da na ɗauki alƙalami na raba kuɗin nan gida 158, sai na ga kowane aiki ya tashi da wajen Naira miliyan 26 da 'yan kai. A canjin wannan lokaci, abin bai kai Dalar Amurka dubu 20 ba. Da shi ne za a sayi sinadarai da na'urori, waɗanda kusan dukkansu daga ƙasashen waje ake yo odarsu, a biya kuɗin mota da na masauki, a sayi man janareta, a kuma sallami mataimaka har ranar da aikin zai ƙare.

A zagayen da ya gabaci wannan, ayyuka 185 aka zaɓa, aka ware musu Naira miliyan dubu 5 da miliyan 100. Watau dai yawan ayyukan ya ragu, kuɗin ya ragu, ita kuma Naira ta ƙara ramewa a tsakani.

Maganar da nake so in yi a yau ita ce, a cikin 'yan shekarun nan an yi ta sake fasalin hanyar da malamin jami'a zai bi ya sami kuɗin bincike daga hannun Gwamnati, kuma kusan kowane sabon gyara ƙarin sharaɗi yake ɗora wa mai nema. Yawancin sharuɗɗan nan ban ga laifinsu ba, zan kuwa kawo dalilina nan gaba. Abin da ya dame ni shi ne, duk cikin tarin ƙa'idodin nan ban ga wadda ta ɗaure ita Gwamnatin ba. Malami yana da ranar da in ya wuce ta ba za a karɓi takardarsa ba. Mai ba da kuɗin kuwa, ina ranar da in ya wuce ta za a tuhume shi?

Ɗalibai da yawa da ke ɗaukar karatu a ɗakunan da aka manna wa allon TETFund ba su san asalin wannan kuɗi ba, don haka ya kyautu a koma baya kaɗan. A shekarar 1992, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ƙungiyar malaman jami'o'i, watau ASUU, wadda Attahiru Jega yake shugabanta a lokacin, ta yi wani dogon yajin aiki saboda lalacewar jami'o'i. Cikin abubuwan da aka ƙulla a yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin har da shawarar a aza wa kamfanoni wani haraji na musamman domin ilmi. A 1993 aka kafa Dokar Soja mai lamba 7, wadda ta ce kowane kamfani mai rajista ya biya kashi 2 cikin 100 na ribarsa, a zuba a wani asusu dabam, ba cikin baitulmali ba. Hikimar ita ce a raba kuɗin ilmi da siyasar kasafin kuɗi na shekara-shekara, inda Minista zai yi alkawari a watan Janairu, a kai Disamba ba a ga ko rabi ba.

Da fari asusun yana taimakon kowane matakin ilmi, daga firamare har jami'a, sai kuɗin ya yi ta watsuwa ba a ganin tasirinsa. A 2011 aka sake doka, aka keɓe shi ga manyan makarantun Gwamnati kaɗai, aka raɗa masa sunan da muka san shi da shi yanzu. Dokar ta ce a raba kuɗin gida huɗu: biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga kwalejojin horon malamai. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗaga harajin zuwa kashi 2 da rabi, ta 2023 kuma ta kai shi kashi 3.

To, shekara da shekaru aikin asusun nan gini ne. Ɗakunan lacca, ofisoshi, ɗakunan karatu, kujeru, motocin bas. Babu mai musun cewa an bukace su, kuma gini yana da wata fa'ida ga shugabanni wadda bincike ba shi da ita: ana iya yanka masa zare a gaban kyamara. Sai a 2009, zamanin marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka buɗe wani reshe mai suna Asusun Bincike na Ƙasa, aka zuba masa jarin Naira miliyan dubu 3. Bayan da Farfesa Suleiman Bogoro ya dawo shugabancin TETFund a 2019, aka ware wa reshen Naira miliyan dubu 5, a 2020 aka kai shi miliyan dubu 7 da rabi, a 2021 miliyan dubu 8 da rabi. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya cancanci yabo. Amma mai karatu ya auna wannan: a 2024 Gwamnati ta amince TETFund ta raba wajen Naira miliyan dubu 683 ga makarantu, alhali abin da ayyukan bincike 158 na zagayen wannan shekara suka samu bai kai ko kashi 1 cikin 100 na wannan jimla ba. Gaskiya ne akwai waɗansu ƙananan kafofi, kamar tallafin bincike na cikin gida da kowace makaranta take rabawa, wanda aka daɗe ana ƙayyade shi a kan Naira miliyan 2 ga kowane aiki, da kuɗin halartar taro da na buga littattafai. Ko an tattara su duka, har yanzu siminti ne babban ɗa a gidan.

Wani abin mamaki kuma, a shekarun farko kuɗin binciken zama ya yi ta yi a asusu ba a kwashe shi ba. Shugabannin hukumar sun sha fitowa suna kukan cewa takardun neman da malamai suke aikowa ba su da inganci, har ta kai aka shiga shirya wa malaman bita kan yadda ake rubuta su. Daga nan ne tsarin ya ƙara tsauri, ya zama mai hawa-hawa.

Ga yadda yake. Hukuma za ta yi shela, ta faɗi fannonin da take so: kimiyya da injiniya da fasaha, ko fannin tarihi da harsuna da zamantakewa, ko ayyukan da suka ratsa fanni fiye da ɗaya. Malami da abokan aikinsa za su aika taƙaitaccen bayanin abin da suke nufin yi, ta intanet. Dubbai ne suke aikowa. Kwamitin masana ya tace, ya kira 'yan ɗaruruwa su kawo cikakken tsarin aiki, wanda ya ƙunshi matsalar da za a warware, da abin da waɗansu suka riga suka gano game da ita, da dabarar da za a bi, da jadawalin lokaci, da kasafin kuɗi filla-filla. A sake tacewa. Waɗanda suka tsira a kira su su tsaya gaban kwamiti su kare abin da suka rubuta da bakinsu. Sa'an nan a kai sunaye ga Ministan Ilmi ya sa hannu. Kuɗin ma ba a dunƙule ake bayarwa ba, kashi-kashi ne, kuma ba a sakin na gaba sai an kawo rahoton aiki da bayanin yadda aka kashe na baya.

Na ce ban ga laifin yawancin wannan ba, kuma ina nan a kan bakana. Kuɗin jama'a ne, kowa kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a cikin malamai akwai waɗanda suka mai da tallafin bincike kamar ƙarin albashi, a rufe ginin gida da shi ko a sake mota, sa'an nan a haɗa 'yan shafuna a kira su rahoto. Ita kanta TETFund ta fito ta faɗa cewa waɗansu malaman da ta biya wa kuɗin ƙarin karatu a ƙasashen waje sun gama sun ƙi dawowa, wannan kuwa, tare da tsadar canji, shi ya sa ta dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025. Wanda ya ce a saki kuɗi ba tambaya, ba bin sawu, ba masoyin ilmi ba ne. Tsayawa gaban kwamiti ma abu ne mai kyau, domin a nan ne ake gane wanda ya rubuta da kansa da wanda aka rubuta wa.

Amma kowane sharaɗi yana da wanda yake yi wa sauƙi da wanda yake yi wa nauyi. Farfesan da ke tsohuwar jami'a, wanda ya saba karɓar tallafi daga Turai da Amurka, yana da ofis na musamman a makarantarsa mai taya shi shirya kasafi da gyara Turanci. Shi wannan tsari wasa ne a gare shi. Yanzu a dubi ƙaramin malami a kwalejin horon malamai ta wani ƙauye, wanda yake koyar da aji mai ɗalibai ɗari biyar, yana duba takardun jarrabawarsu da fitilar waya, in zai aika saƙo sai ya hau babur ya nemi inda sabis yake kamawa. Yana iya yiwuwa shi ne ya fi kowa sanin dalilin da ya sa rijiyoyin yankinsa suke yin gishiri, ko yadda ciyawar ƙuduji take cinye dawa a gonakin garinsu. Amma ba a gasar sanin rijiya ko sanin ƙuduji. Ana gasar iya rubutu ne da wani irin Turanci na musamman, wanda shi kansa sana'a ce da ake koyo. Mu a Arewa, inda makarantunmu da yawa sababbi ne, ya kamata mu fi kowa lura da wannan, mai kwarmin ido ai da wuri yake fara kuka. Ba ina cewa a raba kuɗin bincike jiha-jiha kamar takin zamani ba ne. In aka yi haka an kashe shi. Amma tsarin da ba shi da ƙofa ga mai koyo, wanda ya riga ya samu shi zai yi ta samu.

Har ila yau akwai wata sabuwar waƙa da ake yi wa masu nema, cewa bincike ya zama mai haifar da abin da za a kai kasuwa, a haɗa kai da masana'antu, a daina tara takardu a kan kanta suna shan ƙura. Dalilin a fili yake, kuma da gaskiyarsa. Sai dai ina masana'antun? Wanda ya zagaya Kakuri a Kaduna ya ga masaƙun da suka mutu, ko ya leƙa Sharaɗa da Bompai a Kano, ya san cewa abokin haɗin kan da ake cewa malami ya nemo shi ma numfashi yake nema. Kuma akwai ilmin da ba ya shiga kasuwa amma al'umma ba ta yi sai da shi. Rubuce-rubucen Larabci da na ajami da ke ajiye a Gidan Arewa na Kaduna da gidajen malamai a Sakkwato da Kano da Katsina da Borno, gara da ruwan sama ba sa jiran kwamiti ya zauna. Wanda zai tattara su ya karanta su ba zai taɓa kawo wa kowa riba ba.

Babbar matsalar dai, a ganina, ta lokaci ce. Masu tsara manufa suna lissafi da shekarar kasafin kuɗi, shi kuwa bincike da nasa agogon. Misalin da ya fi kusa da mu yana Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take tun 1922, kafin a haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Dattawa suna tuna shekarar 1975, sa'ad da cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa suke yaɗawa, ta shafe gonakin Arewa, ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Irin gyaɗar nan da ake kira SAMNUT 21 da 22 da 23, masu jure wa cutar, sai a 2001 aka fitar da su ga manoma. Haka kuma irin waken nan SAMPEA 20-T, mai jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa: an fara gwada shi a gona a 2009, ba a amince a sake shi ga manoma ba sai a ƙarshen 2019. Shekara goma cur. Mutum yana iya samun nasa ra'ayi game da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, wannan wata muhawara ce dabam. Abin da nake nuni a kai shi ne, mai haɗa iri sau ɗaya ko biyu yake samun damar gwaji a shekara, dole ya jira damina, ya shuka, ya girbe, ya zaɓa, ya sake jiran wata daminar. Tallafin shekara ɗaya ko biyu ba ya haifar da irin wannan aiki. Kuma ya kamata a sani, babban ɓangaren kuɗin aikin waken nan daga hukumar ba da agaji ta Amurka ya fito.

Yanzu a ɗauka wani malami ya rubuta kasafinsa a farkon 2023, lokacin da Dala take wajen Naira 460 a farashin Gwamnati. A watan Yuni na wannan shekara aka saki Naira ta nemi matsayinta a kasuwa, kafin 2024 ta yi nisa Dala ta haura Naira 1,500. Sa'ad da takardarsa ta gama hawa matakalan nan duka, kuɗi ya iso hannunsa, na'urar da ya rubuta zai saya ta ninka sau uku. Me zai yi? In ya sayi mai arha, bai bi abin da ya sa wa hannu ba. In ya rage yawan gwaje-gwajen, sakamakon ba zai gamsar ba. In ya tsaya, a ce ya ci kuɗi. A wajen 2020 iyakar abin da aiki ɗaya zai samu Naira miliyan 50 ne, wanda a lokacin ya haura Dala dubu 120. Wannan adadi a 2024 bai kai Dala dubu 35 ba. Malami bai karya Naira ba, amma shi kaɗai yake ɗaukar asarar.

Haka batun sakin kuɗi kashi-kashi. A ofis, jinkirin wata uku ba wani abu ba ne, fayil ne ya ɗan kwana a kan tebur. A gonar gwaji kuwa, in kashi na biyu ya zo a watan Oktoba maimakon Yuni, shekara guda ta tafi. A ɗakin gwaje-gwaje, samfurin jinin da aka sha wuya aka tattaro daga ƙauyuka yana lalacewa cikin kwana biyu in man janareta ya ƙare. Ɗalibin digiri na uku da ke rataye da aikin shi ma ya ƙara shekara, iyalinsa suna jira. Wannan magana ta shafe ku, 'yan'uwana ma'aikatan Gwamnati, domin fayil ɗin a kan teburin ɗayanku yake kwana. An ga irin wannan a tsarin asusun bai-ɗaya da aka tilasta wa hukumomin Tarayya a 2015. An kafa shi da kyakkyawar niyya, domin toshe ɓarna, amma sai ya haɗa har da kuɗin da ƙungiyoyin waje suka ba malaman jami'o'i, masu bincike suka yi ta kukan cewa kuɗinsu ya maƙale. Sai a 2024 Gwamnati ta ba da umurnin a cire irin waɗannan kuɗaɗe daga ciki. Shekara tara ana kuka kafin a ji.

Sai kuma abin da ya taɓa tushen asusun kansa. A watan Oktoba na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurorin gyaran haraji guda huɗu. Hankalin yawancinmu a Arewa ya tafi kan rabon harajin kayan masarufi, wanda Gwamnoni suka yi ta jayayya a kansa, amma a cikin ƙudurorin akwai shawarar a haɗe harajin ilmi da waɗansu haraji a dunƙule su su zama harajin raya ƙasa, kuma daga 2030 TETFund ba za ta ƙara samun ko kwabo daga ciki ba, duka za a mai da shi asusun ba ɗalibai rance. Malaman jami'o'i suka tashi tsaye, Majalisa ta gyara. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairu 2026, ta aza harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100 a kan ribar kamfanoni, ban da ƙananan kamfanoni, ta ba TETFund rabinsa, sauran rabin aka raba wa asusun rancen ɗalibai da hukumomin fasaha da harkar tsaro. An tsira daga yanka, amma tsugune ba ta ƙare ba. Rabin 4 dai 2 ne, alhali kafin wannan doka 3 ake karɓa. Mai yiwuwa ne in an ƙara himma wajen tara haraji jimlar kuɗin ta ƙaru, muna fatan haka. Amma darasin a bayyane yake: abin da aka gina cikin shekara talatin, saura ƙiris a rushe shi da sakin layi ɗaya a cikin wata dokar da ba ta ilmi ba ce.

Da can in Gwamnatinmu ta yi sanyi, malamai sukan juya ga ƙasashen waje. Wannan ƙofa ma tana rufewa. A 2021 Ingila ta rage kuɗin agajin da take bayarwa daga kashi 0.7 cikin 100 na abin da ƙasar take samu zuwa 0.5, ayyukan bincike da yawa na haɗin gwiwa da jami'o'in Afirka aka yanke musu kuɗi suna tsakiyar aiki, a 2025 kuma ta ce za ta ƙara ragewa zuwa 0.3. A Amurka, Gwamnatin Shugaba Trump ta dakatar da agajin waje a watan Janairu na 2025, ta kuma rushe hukumar agajin nan da ta tallafa wa aikin wake na Samaru. A watan Mayu na wannan shekara babbar hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta dakatar da tsohon tsarin da jami'ar Amurka take yanka wa abokiyar aikinta ta waje wani kaso daga tallafin da ta samu, tsarin da masu binciken cutar ƙanjamau da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka a Afirka suka daɗe suna dogara da shi. Ba mu da bakin yi musu gori, kuɗinsu ne. Tun a 1980 shugabannin Afirka suka taru a Legas suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasashensu suke samarwa domin kimiyya da fasaha. Mu da muka karɓi baƙuncin taron ba mu kai ko kusa ba.

Kada kuma a manta, dokar TETFund manyan makarantu ta sani. Cibiyoyin bincike masu zaman kansu a ƙarƙashin ma'aikatu, irin su ta lafiyar dabbobi da ke Vom, da ta cutar sammore da ke Kaduna, da ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri, da ta hatsi da ke Badeggi, kasafin shekara suke jira, wanda mafi yawansa a albashi yake ƙarewa.

To, mene ne sharuɗɗan da nake cewa a gindaya wa Gwamnati? Na farko kuma mafi girma, a rubuta a cikin doka wani kaso tsayayye na kuɗin TETFund wanda ba za a taɓa shi ba sai domin bincike, yadda ba zai dogara ga ko shugaban hukumar na wannan lokaci mai son bincike ne ko mai son gini ba. Sa'an nan a buga jadawali wanda ya hau kan kowa: ranar shela, ranar sakamako, da adadin kwanakin da ba za a wuce ba tsakanin karɓar rahoton malami da sakin kashi na gaba. In hukuma ce ta makara, a ƙara wa mai binciken wa'adi ba sai ya roƙa ba, in kuma canji ya motsa a tsakani, a sake duba kasafin kayan da za a sayo daga waje. Wanda aka ƙi takardarsa, ya zama wajibi a ba shi dalili a rubuce. Dubban malaman da ake mayarwa gida kowace shekara, in kowa ya san inda ya kuskure, wannan ya fi bitar kwana uku a otal amfani, kuma ya fi ta arha.

Ina kuma ganin a buɗe ƙofofi biyu da ba su yi kama da wadda ake da ita ba. Ɗaya ƙarama, mai sauƙin takardu, domin malamin da bai taɓa samu ba, a haɗa shi da wani babba ya riƙa duba shi. Ɗaya kuma doguwa, ta shekara biyar zuwa goma, domin ayyuka 'yan kaɗan irin na haɗa iri da bin sawun cututtuka, a riƙa auna su a tsakiyar hanya, wanda ya kasa a tsayar da shi. Gwamnatocin jihohinmu ma, waɗanda kowaccensu take da jami'a ko biyu, ba zai gagare su ba su tara Ma'aikatun Gona da Lafiya da Ruwa su fitar da tambayoyi biyar da suka fi damun jihar, su sa kuɗi, su ce malamai su zo su yi takara.

Akwai kuma sharaɗi ɗaya da zan so a ƙara wa su malaman, ko da yake na ce nasu sun yi yawa. Duk wanda ya gama aiki da kuɗin jama'a ya rubuta shafi biyu da Hausa, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko kowane harshe ne mutanen da abin ya shafa suke ji, ya faɗi abin da ya nema da abin da ya samu, a karanta a rediyo, a aiko mana mu buga. Ita kuma hukuma ta fitar da jerin ayyukan da ta biya tun daga 2009, da sunan makaranta, da adadin kuɗi, da ranar da aka saki kowane kashi, da ranar da aka kawo rahoto. Daga wannan jeri ne za mu san wane ne yake makara, malamin ko ofis.